Mai Gadin da Yaya Ta Manta da Shi

Ana kiran assalatu muka tashi ranar Laraba, ni da yayata, kuma rana ba ta fito ba sai da muka isa tashar Gumel. Ku 'yan ajinmu da kuka matsa in faɗa muku inda na je a hutun nan, ga shi na rubuto, tunda kun san idan da baki ne ba za ku ji komai daga gare ni ba sai "lafiya lau".

Bari in fara da dalilin tafiyar. Yaya ta yi karatun kwamfuta a Kano, bara ta dawo gida. Wata ƙungiya ta makiyaya da malaman dabbobi ta ɗauke ta aiki, ta haɗa musu manhaja a waya. Idan malamin dabbobi ya ga akuya ko saniya da alamar ciwo, sai ya ɗauki hoto, ya rubuta sunan gari, ya tura. Nan da nan likitan ƙungiyar da sauran malamai za su gani, a tare cutar kafin ta bazu. Manhajar ba a kwamfutar ɗakinmu take zaune ba. Tana cikin wasu manyan na'urori da ake haya a can nesa, waɗanda masu wannan aiki suke kira gajimare. A Gumel tana aiki, a Gagarawa da Sule Tankarkar tana aiki. A Maigatari ma tana aiki kullum, sai ranar Alhamis, ranar kasuwa, wadda ita ce ranar da aka fi bukatarta. Alhamis uku a jere saƙon malamin can bai shigo ba. A ta ukun an kawo awaki masu tari, labarin bai iso ba sai Asabar, an riga an saye su an watse da su ƙauyuka. Shugaban ƙungiyar ya ce wannan Alhamis ce ta ƙarshe. Idan saƙo bai shiga ba, za su koma takarda da kiran waya, Yaya kuma ta nemi wani aikin. Aikinta ne na farko, kuma saboda shi ta ƙi wanda aka ba ta a Kano.

Ta ce kafin Alhamis za ta zaga ta ga kowane wuri da idonta. Umma ta haɗa ta da ni don in riƙe mata jaka, in kuma riƙa tuna mata da abinci, saboda Yaya idan tana cikin damuwa mantawa take yi tana da ciki.

A tasha motoci biyu ne suke lodin Gagarawa. Ɗan kamashon wani siririn mutum ne mai hula shuɗiya da ta koɗe, yana tsaye tsakaninsu. Duk wanda ya zo sai ya dube shi, ya dubi motocin, ya nuna masa guda. Mai buhun taki ya tura shi wadda bayanta bai cika ba, mu kuma ya tura mu ɗayar. Yaya ta taɓa ni ta ce in kalle shi da kyau, a gajimare ma akwai irinsa, lod balansa ake ce masa, ita kuma mai raba cunkoso take kiransa. Idan saƙonni suka yi yawa, shi ne yake raba su tsakanin na'urori don kada ɗaya ta gaji. Ta ce da matsalar ta fara, abin da ta fara zargi ke nan, tunda ranar kasuwa ranar taro ce. Ta ƙara na'ura ta biyu, ta sa mai raba cunkoso a gabansu. Alhamis ta zo, na'urorin biyu suka wuni a zaune ba aikin yi, kamar motocin da babu fasinja.

Naira dubu kowa ya biya. Mu huɗu a baya, biyu a gaba, ban da kaza da ke cikin kwandon matar da ke kusa da ni, wadda ta yi ta kallona ta ido ɗaya har muka sauka. Hanya ta yi kyau da damina. Gero ya wuce kafaɗar mutum, riɗi ya fitar da fararen furanni, wake ya shimfiɗu a ƙarƙashi. Inda ruwa ya kwanta a gefen titi, balbelu suna tsaye a ciki kamar an jera su. Direban ya san kowane rami, tun daga nesa yake fara kauce masa, mu kuma mu kwanto kan juna mu tashi.

A Gagarawa Yaya ba ta san gidan malamin dabbobin ba, ofis suke haɗuwa. Wayarsa kuma tana kashe. Sai ta tsaya wurin wata mai ƙosai a bakin hanya ta ambaci sunansa. Matar ko ɗagowa ba ta yi daga kaskon ba, ta ce lungu na biyu bayan masallaci, gida mai dalbejiya biyu a ƙofa. Muka sayi ƙosai na ɗari uku da koko a leda. Muna tafe Yaya ta ce wannan matar ita ce littafin sunaye. A intanet kowace na'ura lamba take da ita, mutane kuwa suna suke riƙewa, to akwai wani aiki na daban da idan waya ta ba shi suna sai ya ba ta lamba. Ba ya ɗaukar saƙo, ba ya raba shi, kwatance kawai yake yi. Wata abokiyar karatunta ta ce mata wataƙila shi ne yake ɓatar da mutanen Maigatari.

Malamin Gagarawa matashi ne mai yawan dariya. Ya fito da tabarma, ya kawo wayarsa da ke caji a shagon maƙwabci. Yaya ta gwada sunan manhajar a wayarsa, ta gwada a tata, ta sa shi ya ɗauki hoton tunkiyar gidansu ya tura. Tunkiyar lafiyarta ƙalau, sai da ya rubuta "gwaji ne" don kada likita ya taso. Komai ya shiga. Na zaci Yaya za ta yi murna, sai na ga fuskarta ta ƙara tsukewa. Ashe mai neman inda ya lalace ba ya jin daɗin a ce masa nan lafiya.

A motar dawowa ta ciro takarda ta yi mini zane a kan cinyarta, layukan suna karkacewa duk lokacin da muka faɗa rami. Ta zana waya, ta zana littafi, ta zana mutum mai hula yana nuna akwati biyu. Ta ce abin da ya fi wuya a aikinsu shi ne duka waɗannan abubuwa idan suka lalace, mai waya magana ɗaya zai faɗa maka, wato "ya ƙi". Amma ƙin iri-iri ne. Idan littafin sunaye ne, waya za ta ce ba ta san wurin ba. Idan cunkoso ne, 'yar da'irar nan ta waya za ta yi ta juyawa, ka yi ta jira har ka gaji. Idan kuwa mai gadi ne ya hana ka, ba jira, nan take za a koro ka. Na tambaye ta wane ne mai gadi, don ba ta zana shi ba. Ta ƙara wani ɗan mutum da sanda a bakin ƙofa, ta ce faya wol ake kiransa, shi yake duba daga ina saƙo ya fito kafin ya bar shi ya shiga. Ta ce tun ranar farko ta kafa shi, kuma shi bai taɓa ba ta matsala ba. Ta ninke takardar ta ba ni, na sa a aljihun jaka.

Daga Gagarawa zuwa Sule Tankarkar sai an ratso ta Gumel. Mun wuce bakin lungunmu a keke mai ƙafa uku ba mu shiga ba. Na hango ƙofar gidanmu a buɗe da akuyar maƙwabta tana leƙawa, na ji wani iri, kamar na yi wa gidan laifi.

A Ɗanzomo hadari ya tare mu. Direba ya tsaya a gefen wata rumfa saboda abin goge gilashinsa guda ɗaya ne ke aiki, shi ma na ɓangaren fasinja. Muka fake tare da wasu manoma da suka gudo daga gona da fartanyunsu a kafaɗa. Akwai mai gasa masara a rumfar, ɗari da hamsin guda, sabuwa ce har tana fitar da ruwa idan ka ciza. Na tuna da saƙon Umma, na miƙa wa Yaya ɗaya. Ta ci rabi tana kallon waya, ta miƙo mini sauran. Wani dattijo a cikin manoman ya tambayi inda muka nufa, da ya ji aikin dabbobi ne sai ya fara ba Yaya labarin jakinsa da ke ɗingishi. Ta ce masa ita ba likita ba ce. Ya ce ba komai, ai ta fi shi kusa da likitan.

Mun isa Sule Tankarkar da azahar. Ranar ana riga-kafi a wata ruga da ke bayan gari, dalilin da ya sa Yaya ta zaɓi Laraba ke nan, don malamai huɗu za su yi ta tura saƙo a lokaci guda. A babur muka ƙarasa, ƙasa ta jiƙe, yashi ya kwanta. Shanun farare ne masu dogayen ƙaho, an tara su a fili, masu su suna kiran kowace da sunanta. Abin da ya burge ni shi ne yadda matan rugar suke magana da junansu da Fulatanci, su juyo gare mu da Hausa, ba ko tsayawa a tsakani. Ɗaya daga cikinsu ta dama mana fura da nono a ƙwarya, ta ƙi karɓar komai. Ludayin nata an ɗinke shi da zare a inda ya tsage.

Yaya ta zauna a kan turmi da kwamfuta a cinya, tana kallon saƙonni suna shigowa. Mai raba cunkoso yana aikinsa daidai, wannan ya tafi nan, wancan ya tafi can. Ko ɗaya bai ɓata ba. Ta rufe kwamfutar a hankali ta ce to, ba shi ba ne.

A gidan Goggo, ƙanwar Abbanmu, muka kwana. Ta yi tuwon gero da miyar kuka da man shanu. Abokiyar Yaya ta Kano ta sake kira, ta ce ko a haƙa wa malamin Maigatari ɓoyayyar hanya, irin wadda ofis da ofis suke yi don saƙonsu ya bi ta cikin intanet ba mai ganinsa. Yaya ta ce wannan maganin masu tsoron a leƙa saƙonsu ne, ita nata saƙon ko tasowa ba ta ga ya yi ba. Goggo tana jin su, ta ce ita dai ba ta gane komai ba, amma ta gane tuwo yana hucewa. Ta zauna a gaban Yaya har sai da ta cinye malmala ɗaya. Ni na ci biyu ba wanda ya tsare ni.

Da safe muka sake ratsa Gumel, karo na biyu, muka miƙe arewa. Tun daga nesa za ka san ranar kasuwar Maigatari ce. Manyan motoci sun yi layi a gefen titi, babura ɗauke da raguna biyu-biyu a kwando, wasu kuma suna koro shanu a ƙasa. Ban taɓa ganin raƙuma da yawa haka ba. Suna durƙushe suna tauna, suna kallon mutane kamar su ne suka zo sayen mu. Akwai raguna masu rabin jiki baƙi rabi fari, kamar an tsoma su a tukunyar rini aka fasa a tsakiya. Masu rawani sun rufe fuska sai ido, masu canji suna zaune da sefa da naira, ga kanwa tsibi-tsibi, ga dabino, ga cuku a jere kamar faifai. Hausar wurin tana da ɗan bambanci. Na ji wani yana ɗaga waya sama yana cewa babu rezo, Yaya ta ce sabis yake nufi, haka mutanen Damagaram suke faɗa.

Malamin dabbobin Maigatari dattijo ne, kowa Baba Malam yake ce masa. Farin gemu, takalmin roba kore har gwiwa, tabarau da aka ɗaure ƙafarsa ɗaya da zare. Rumfarsa tana bakin kara, inda ake sayar da dabbobi, a ciki akwai akwatin sanyi na allura da benci ɗaya. Ya tarbi Yaya da "Injiniya", ni kuma ya ce mini "Hajiya ƙarama", ya kakkaɓe bencin da hularsa ya ce in zauna. Ya aika aka sayo mini dabino. Ban iya cewa na gode da ƙarfi ba, amma ya ce ya ji.

Yaya ta tafi gaida shugaban ƙungiyar, wani Ardo da ke can wata rumfa tare da 'yan kwamiti, ta bar ni da jaka. Ba ta daɗe da tafiya ba aka kawo wani rago mai ƙuraje a baki. Baba Malam ya buɗe bakin ragon ya duba, ya ce a ware shi gefe, ya ɗauki hoto, ya dawo ya zauna kusa da ni yana dannawa da yatsa ɗaya. Ni kuwa kun san halina, idan ba na magana ido nake sawa. Ya danna tura. Ko ƙiftawa ban yi ba wani jan rubutu ya fito. Ya sake, jan rubutun ya sake fitowa nan take. Ya yi tsaki a hankali. Sai ya buɗe wani wuri ya yi saƙon murya, yana tambayar wata ko jikin yaron ya yi sauƙi, ya ce ta gaida mutanen Damagaram. Wannan saƙon kuwa ya tafi kamar an fizge shi. A saman wayar na ga tsani biyu na sabis. Na farkon sanda ɗaya ce da ƙyar, na biyun a cike, kuma 'yan kibiyoyin data a kan na biyun suke. Ana haka wani saƙo ya faɗo da rubutun da ba Turanci ba, irin mai 'yan alamomi a kan haruffa, kamar Faransanci.

Da ya hango Yaya tana dawowa, sai ya ɗan juya baya, ya danna wani abu da sauri, sannan ya miƙa mata wayar. Na leƙa. Kibiyoyin sun koma kan tsani na farko.

Yaya ta danna tura. Da'irar ta fara juyawa. Ta juya, ta juya, har mai ragon ya gaji ya tsuguna. Ta gwada tata wayar, ita ma haka. Ta ɗaga sama, ta fita rana, ta dawo. Daga ƙarshe ta zauna a ƙarshen bencin ta ce, kamar da kanta take magana, ashe sabis ɗin garin ne yake cika ranar kasuwa, wannan kuma ba abin da ke hannunta ba ne, ba ta da iko da eriyar kamfani. Ardo ya ce bayan sallar azahar za su zauna. Na ga ta cire gilashinta tana gogewa da gefen hijabi, alhali ba abin da ya same shi.

Abin da na gani a hannun Baba Malam ba jira ba ne, kora ce, kuma jiya aka koya mini bambancinsu. Amma idan na faɗa, na tona abin da dattijon nan ya juya baya don ya ɓoye, mutumin da ya share mini benci da hularsa. Dabinonsa ma yana hannuna. Na ciro takardar zanen daga aljihun jaka, na yi ta kallon ɗan mutumin nan mai sanda. Da aka kira sallah Baba Malam ya ɗauki buta ya zaga baya, na ja hijabin Yaya.

Na ce, "Yaya, mai gadinki yana barin mutanen Nijar su shiga?"

Ta dube ni kamar ba ta taɓa jin muryata ba. Na faɗa mata duka cikin raɗa, jan rubutun, tsani na biyu, saƙon da ba Turanci ba. Na roƙe ta kada ta ce ni na gani. Ta ɗora hannu a ka. Ta ce ranar da ta kafa mai gadin, ta bi shawarar da ake ba kowa, ta ce masa duk saƙon da ba daga Nijeriya ya fito ba ya kore shi, saboda masu kutse daga ƙasashen waje. A ranta ƙasashen waje suna can bayan teku. Ba ta tuna cewa daga rumfar nan ana iya takawa da ƙafa a shiga wata ƙasa ba. Kuma ba ta ce masa ya riƙa rubuta waɗanda ya kora ba, shi ya sa daga ciki ba ta ganin komai, sai ka ce ba wanda ya zo ƙofar.

Bayan mun yi sallah ta jira Baba Malam ya dawo. Na ji tsoron abin da za ta ce, har na matsa bayan akwatin allura. Ta durƙusa ta ce, "Baba, layina ya ƙi. Ko akwai mai layin Nijar a kusa ya ara mini data in shiga in gyara wani abu?"

Ya dube ta, ya dube ni ta saman tabarau. Na sunkuyar da kai. Sai na ji ya yi dariya ƙasa-ƙasa, ya ce ashe Hajiya ƙarama ba dabino kaɗai take ci ba. Ya mayar da kibiyoyin kan tsani na biyu da hannunsa, ya miƙa wa Yaya. Ya ce wayar ta ƙungiya ce, kuma da aka raba an ce kada a sa wani layi a ciki. Shi kuwa 'yarsa tana aure a can, ga shi ranar Alhamis layin gida ba ya motsi, sai ya riƙa komawa na Nijar don aikin ma ya yi sauri. Bai taɓa kawowa a ransa cewa layin ne ba, tunda komai yana buɗewa da shi. Ya ɗauka manhajar ce ba ta son ranar kasuwa.

Yaya ta jona kwamfutarta da wayarsa. Na tambaye ta ita mai gadin ba zai kore ta ba? Ta ce a'a, masu gida ta wata ƙofar suke shiga da makullinsu. Ta nuna mini jerin ƙasashen da mai gadin yake bari su shiga, suna ɗaya ne tak a ciki, Nijeriya. Ta ƙara Nijar a ƙarƙashinsa, ta bar sauran a rufe, ta kuma ce wa mai gadin daga yau ya rubuta duk wanda ya mayar. Abin bai kai a tafasa shayi ba. Ta miƙa wa Baba Malam wayar. Ya gyara tabarau, ya nemo hoton ragon, ya yi bisimilla ya danna. Koriyar alama ta fito. Kafin ya sauke hannu kwamfutar Yaya ta yi ƙara, saƙon ya iso, sai kuma ga kiran likita yana tambayar wane rago ne, daga ina aka kawo shi.

A gaban kwamiti Baba Malam ne ya fara magana, ya ce shi ya karya doka ya sa layi biyu. Yaya ta ce a'a, ranka ya daɗe, laifin nata ne, ita ce ta sa a kori duk saƙon da ya biyo ta Nijar. Ardo mutum ne mai magana a hankali, sandarsa a kan cinya. Ya sa aka sake yi masa bayani, sannan ya ce, "Injiniya, shanuna da safe a can suke kiwo, da yamma su sha ruwa a nan. Uwargidana ma 'yar can ce. Ita ma da ta zo sai ki ce a kore ta?" Aka yi dariya, har Yaya. Ya ce a ci gaba da aikin, layi biyu kuma kowa ya sa, tunda kasuwar ma ƙasa biyu take ci. Ya tambayi wa ya gano. Yaya ta bi roƙona ba ta ambace ni ba, amma Baba Malam ya nuna ni da haɓa. Da ƙasa za ta buɗe da na shige. Ardo ya ce Allah ya yi albarka, na amsa da amin ɗin da ni kaɗai na ji.

Kafin mu tafi saƙo bakwai suka shiga daga rumfar. Baba Malam ya naɗe mini cuku biyu a takarda, ya ce ɗaya nawa, ɗaya na Umma. A motar Gumel Yaya ta sayi gurasa da tsire ta cinye ba wanda ya tuna mata, sannan ta yi barci a kafaɗata, gilashinta a karkace.

Mun shiga lungunmu ana shirin magariba, wannan karon muka tsaya. Abin da na koyo a tafiyar nan, na farko dai yanzu ba zan haɗa mai kwatance da mai raba cunkoso da mai gadi ba, kuma na san idan abu ya ƙi, sai a tambaya yaya ya ƙi. Na kuma ga cewa shawarar da aka rubuta don kowa ba lallai ta san Maigatari ba. Sauran abin da na koya game da kaina ne, shi kuma ina jin kunyar rubutawa.

Abba yana zaune a tsakar gida ya tambayi Yaya yadda aka ƙare. Ta ajiye jaka ta ce ita ta gaji, a tambayi Hajiya ƙarama. Na ciro takardar zanen, duk ta yamutse, na shimfiɗa a kan tabarma, na fara daga ɗan kamasho mai shuɗiyar hula. Ban san na yi nisa ba sai da na kai kan raƙuma na ɗago, na ga Umma a tsaye da ludayi a hannu, miya tana ɗiga a ƙasa ba ta sani ba. Ta ce in ci gaba, tuwon zai jira.